DARASI NA BAKWAI: TARUWAR GAS A CIKIN BATIR DA HANYOYIN GANO TA KAFIN GOBARA

7.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an nazarci rubutun bayani, an kuma nuna cewa harshen Hausa yana iya ɗaukar ilimin kimiyya da fasaha muddin marubuci ya fahimci abin da yake magana a kai. A wannan darasi za a gwada hakan a aikace. An zaɓi batir ne saboda a yau da wuya a sami gidan da babu shi, ko a birni ko a ƙauye. Za a dubi yadda gas yake taruwa a cikin batir, da dalilin da ya sa taruwar tasa takan zama alamar farko ta lalacewa, da kuma hanyoyin da ake bi a gano shi kafin zafi ya kai ga fashewa ko gobara. Za a ɗauki misalai daga ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo da ke yammacin Jihar Kano, sannan a leƙa wasu ƙasashe inda hakan zai ƙara wa ɗalibi haske.

7.1 Manufofin Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana yadda gas yake samuwa a batirin dalma da batirin litiyam;
ii. faɗin ma'anar ƙwacewar zafi da matakanta;
iii. kawo alamomin da gaɓoɓin ɗan Adam da na'urori suke ganowa;
iv. tsara darasi a kan wannan batu da Hausa ingantacciya wadda babu harshen damo a cikinta.

7.2 Matsayin Batir a Ƙaraye da Rogo

Ƙaraye da Rogo ƙasashen noma ne. A Ƙaraye ne madatsar ruwa ta Calawa take, wadda aka kammala a shekarar 1992, haka kuma akwai madatsar Kusalla, inda sansanin horar da matasa masu yi wa ƙasa hidima yake. Ita kuwa Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. Tun shekarar 2024 waɗannan ƙananan hukumomi biyu su ne suka haɗu suka zama masarautar Ƙaraye. Kamar sauran yankunan karkara na jihar, wutar lantarki ba ta wadatar da su ba. Wasu ƙauyuka turaku ba su isa gare su ba, inda suka isa kuma wutar ba ta tsayawa.

A da, janareta shi ne madogarar mai shago da mai gida. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin mai ya ninka, sai jama'a da dama suka koma ga farantan sola. To, rana ba ta fitowa da dare, don haka duk mai son haske ko fanka bayan magariba dole ne ya tanadi wurin ajiye wutar da faranti ya tara, wato batir. Da haka batura suka shiga shagunan cajin waya da masallatai da makarantu da ɗakunan shan magani da ɗakunan kwana. Ban da waɗannan manya, akwai ƙananan da ke cikin waya da fitila da rediyo da ɗan akwatin ajiyar caji da ake kira fawa-banki.

Abin lura a nan shi ne yanayin ƙasar. Masu ƙera batura sukan auna ingancinsu ne a kan zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyos. A ƙasar Kano kuwa, daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 sau da yawa, cikin shago mai rufin kwano kuma ya fi haka. An tabbatar da cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage kusan rabin kwanan batirin dalma. Ke nan batirin da aka ajiye a rufaffen shagon kwano a kasuwa yana aiki ne cikin yanayin da ya fi ƙarfin wanda aka ƙera shi dominsa.

7.3 Batirin Dalma da Gas Ɗinsa

Batirin dalma shi ne irin wanda ke cikin mota da babur, da kuma dogayen nan da ake haɗawa da inbata. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1859. A cikinsa akwai fale-falen dalma da aka tsoma cikin asid mai gauraye da ruwa. An kasa cikinsa zuwa ɗakuna, waɗanda masu gyara suke kira sel. Kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2, wato ma'aunin ƙarfin da ke tura lantarki cikin waya. Saboda haka batir mai bolt 12 ɗaki shida gare shi.

Idan ana cajin batir, wutar da ke shiga tana sauya sinadaran da ke jikin fale-falen nan. Da zarar ya cika, sinadaran ba su da sauran abin karɓa. Idan aka ci gaba da tura masa wuta, sai ta koma kan ruwan da ke ciki ta riƙa raba shi gida biyu: haidirojin da oksijin. Wannan shi ne ɓulɓulin da akan ji kamar tukunya tana tafasa. A zafin digiri 25, batir mai bolt 12 yakan fara fitar da gas sosai ne idan cajin ya kai wajen bolt 14.4. Idan zafi ya kai digiri 40, yakan fara tun kusan bolt 14. Wato na'urar daidaita caji wadda ba ta la'akari da zafi za ta iya dafa batir a watan Afrilu, ko da ba ta yi masa illa a watan Disamba ba.

Haidirojin ba shi da launi, ba shi da wari, kuma ya fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi har kusan sau 14. Don haka sama yake tashi ya taru a ƙarƙashin rufi. Idan ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ɗan tartsatsi ya isa ya kunna shi. Wannan ya sa ƙa'idojin kiyaye gobara na ƙasashe da dama suka tanadi cewa kada a bari ya wuce kashi 1 cikin 100 a ɗakin batura.

Ga wani lissafi da zai nuna saurin taruwarsa. Amfiya ita ce ma'aunin yawan lantarkin da ke gudana. Amfiya ɗaya ta rarar caji, cikin sa'a ɗaya, tana fitar da kimanin lita 0.45 na haidirojin daga kowane ɗakin batir. A ɗauka wata makaranta tana da batura huɗu masu bolt 12 da aka jera, wato ɗakuna 24, na'urar cajinta kuma ta lalace tana tura rarar amfiya 5. Cikin sa'a guda za a sami lita 54. Idan an ajiye su a sito mai tsawon mita 2 da faɗin mita 2 da tsayin mita biyu da rabi, iskar cikinsa lita 10,000 ce. In babu ta inda iska ke fita, kafin sa'a biyu gas ya kai kashi 1, cikin kimanin sa'a bakwai da rabi kuma ya kai kashi 4. Tun kafin wannan lokaci ma, wanda ya taru a kusa da rufi ya riga ya kai munzalin kamawa.

Akwai wani gas na dabam da batirin dalma yake fitarwa idan cajin ya yi muni ƙwarai, wato wanda yake warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shi guba ne, ya fi iska nauyi, kuma idan ya yi yawa yakan kashe jin warin hanci, mutum ya zaci ya wuce alhali ƙaruwa ya yi.

Haka kuma akwai batirin dalma rufaffe wanda ba a ƙara masa ruwa. An tsara shi ne yadda gas ɗin zai sake haɗuwa ya koma ruwa a ciki, an kuma sa masa bawul mai buɗewa idan matsi ya yi yawa. Sai dai wannan haɗuwa tana haifar da zafi, kuma ruwan da ya fita ta bawul ba ya dawowa. Shi ya sa irin wannan batir yakan kumbura ya yi ciki idan an matsa masa da caji a wuri mai zafi.

7.4 Batirin Litiyam da Ƙwacewar Zafi

Batirin litiyam shi ne na cikin waya da kwamfutar tafi-da-gidanka, yanzu kuma yana maye gurbin na dalma a harkar sola. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fito da shi kasuwa a shekarar 1991, kuma a shekarar 2019 aka ba wa masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel saboda aikinsu a kansa. Ya fi na dalma sauƙin ɗauka da yawan ajiya da tsawon kwana. Amma ruwan da ke cikinsa, saɓanin na dalma, mai kamawa da wuta ne. Tsakanin ɓangarorinsa biyu kuma babu komai sai wani shamaki na leda wanda bai kai kaurin gashin kai ba.

Abubuwa huɗu ne sukan fara lalata shi: wuce gona da iri wajen caji, da zafi daga waje, da rauni kamar faɗuwa ko huda, da kuma aibin ƙira tun daga masana'anta. Misalin na ƙarshe shi ne wayar Galaxy Note 7, wadda kamfanin Samsung ya janye kimanin miliyan biyu da rabi daga kasuwa a watan Satumba na 2016, ya kuma daina ƙera ta a watan Oktoba.

Lalacewar tana tafiya ne mataki-mataki. Idan zafin cikin ɗakin batir ya kai tsakanin digiri 80 da 120, wata siririyar fata da ke kare ɓangare guda takan fara rugujewa, ruwan ciki ya fara rikiɗa zuwa gas. Gas ɗin ya matsa wa jikin batir, sai ya kumbura, ko kuma bawul ya fashe ya fitar da tururi. A wajen digiri 130 shamakin leda ya fara narkewa, ɓangarorin biyu su haɗu. Daga nan zafi yana haifar da rugujewar sinadarai, rugujewar kuma tana haifar da ƙarin zafi, har ya haura ɗaruruwan digiri cikin daƙiƙoƙi. Wannan ne ake nufi da ƙwacewar zafi, kamar yadda doki yake ƙwacewa mahayi ko mota ta ƙwace wa direba a gangare. Ɗakin da ya ƙwace kuma yakan dafa na kusa da shi, shi ma ya dafa na gaba.

Gas ɗin da ke fita a wannan hali gauraye ne. Akwai haidirojin, akwai irin gas mai kisa da ke cikin hayaƙin janareta, akwai kuma wasu masu ƙona huhu da ido. Sau da yawa yakan fito kamar farin hazo yana bin ƙasa, har mutum ya ɗauka tururin ruwa ne.

7.5 Dalilin Sa Ido a kan Gas

Ana iya tambaya: tun da zafi ne matsalar, me ya sa ba za a tsaya ga auna zafi ba? Dalili shi ne, zafin yana farawa ne can tsakiyar ɗaki guda, kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya ratso zuwa waje. A babban batir mai ɗakuna da yawa, na'urar auna zafi guda takan wakilci ɗakuna da dama, ta yiwu kuma wanda ya lalace yana nesa da ita. Na'urar gano hayaƙi kuwa ba ta ƙara sai ƙuna ta riga ta fara. Shi gas da ya sami kafa yake bazuwa, don haka wanda ya gano shi yakan sami 'yan mintoci na yanke caji da fitar da mutane.

Abubuwa biyu da suka auku sun nuna cewa gas ɗin kansa, ko babu harshen wuta, yana iya yin kisa. A ranar 19 ga Afrilu, 2019, a garin Surprise da ke Jihar Arizona ta Amurka, ɗaki guda ya ƙwace a wata ma'ajiyar batura ta kamfanin lantarki. Na'urar kashe gobara ta yi aikinta, amma batura suka ci gaba da fitar da gas a rufaffen gini har kusan sa'a uku. Da 'yan kwana-kwana suka buɗe ƙofa, ginin ya fashe, huɗu daga cikinsu suka ji munanan raunuka. A ranar 16 ga Afrilu, 2021 kuma, a birnin Bejin na ƙasar Sin, gas daga baturan da suka ƙwace a wani gini ya bi ta ramin wayoyi na ƙarƙashin ƙasa ya taru a wani ginin, ya fashe a can, 'yan kwana-kwana biyu suka rasu. Baturan na Bejin irin litiyam ɗin nan ne mai haɗin ƙarfe da fosfet, wanda ya fi sauran jure zafi, kuma irinsa ne aka fi sayarwa don sola a kasuwanninmu. Ke nan jurewar zafi ba ta hana shi fitar da gas mai kamawa.

7.6 Hanyoyin Ganowa

7.6.1 Gaɓoɓin Ɗan Adam

Mai shagon caji a Rogo ko mai gadin makaranta a Ƙaraye ba lallai ne ya mallaki na'ura ba, amma yana da ido da hanci da kunne da hannu.

Ido yana ganin kumburi. Idan bayan waya ya ɗaga, ko gilashinta ya fara rabuwa da jiki, ko kuma ta daina kwanciya daidai a kan tebur, gas ne ya taru a ciki. A batirin dalma akan ga gefensa ya turo, ko ruwa yana saurin raguwa, ko danshi da farin gari a kan kawuna.

Hanci yana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai daga batirin dalma. Daga na litiyam kuwa akan ji wani wari mai kaifi da ɗan zaƙi-zaƙi, mai kama da na ruwan goge fentin farce.

Kunne yana jin tafasa mai ƙarfi wadda ba ta lafawa, ko tsuwa irin ta tayar da ta sace, ko wata 'yar ƙara kamar an ɓalle abu.

Hannu yana jin bambancin zafi. Idan aka kusantar da bayan hannu ga baturan da ke jere, aka ji guda ya fi 'yan'uwansa zafi, shi ne mai matsala.

Sai dai gaɓoɓi suna da iyaka. Haidirojin ba shi da wari, haka ma gas mai kisa irin na janareta. Kuma mai barci ba ya gani ba ya shinshina, alhali cajin waya da dare aka fi yin sa.

7.6.2 Kariyar da ke Jikin Batir

Masu ƙira sukan sa wa batir kariya tasa ta kansa. Ƙananan ɗakunan litiyam masu siffar gwangwani suna da wani faifai a ka, wanda matsin gas yake turawa ya yanke hanyar lantarki, in matsin ya ƙaru kuma ya tsage ya ba gas hanya. Manyan batura suna da wani allon lantarki mai lura da bolt da amfiya da zafin ɗakuna, ya yanke caji idan an wuce iyaka. Matsalar da ake samu ita ce ta baturan da ake harhaɗawa daga tsofaffin ɗakunan da aka ciro daga matattun kwamfutoci, ba tare da wannan allo ba, ko kuma mai gyara ya tsallake allon don wai yana yawan yanke wuta. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

7.6.3 Na'urori

Na'urar farko ita ce mitar auna bolt, wadda kowane mai haɗa sola yake da ita. Da ita ake gane ko caji yana wuce ƙa'ida. Ta biyu ita ce ma'aunin kaurin asid, wanda ake zuƙo ruwan kowane ɗaki da shi. Ɗakin da ya bambanta da sauran ya fara mutuwa, kuma mataccen ɗaki yana sa rarar caji ta faɗa kan 'yan'uwansa. Ta uku ita ce ma'aunin zafi mai kama da bindiga, irin wanda aka saba gani a ƙofar asibitoci lokacin annobar korona a 2020, amma wanda aka yi don injuna.

A manyan wurare akan kafa na'urar shinshina haidirojin a saman ɗaki, tun da can yake taruwa. Idan gas ya kai kashi 1 cikin 100 sai ta yi ƙara ta kuma kunna fankar da ke zuƙe iska waje. Don baturan litiyam akwai wadda take shinshina tururin ruwan batir tun fitarsa ta farko, ta umarci na'urar caji ta tsaya. Akwai kuma masu auna matsi ko kumburin jikin ɗaki. A shekarar 2024 masu bincike na cibiyar ma'aunai ta ƙasar Amurka, wato NIST, suka koya wa kwamfuta gane ƙarar fashewar bawul ɗin batir. A gwajinsu ta gane ƙarar sau 94 cikin 100, kuma ƙarar tana zuwa ne kimanin minti biyu kafin batir ya ƙwace.

7.7 Rigakafi da Matakin Gaggawa

Wurin ajiya shi ne farkon rigakafi. A ajiye batura a inuwa, a kan dandamali, nesa da gado da katifa da kara da harawa da galan ɗin fetur. A yi kafa biyu: ɗaya a ƙasa don iska ta shigo, ɗaya a can ƙololuwa don gas ya fita. Ɗakin soro ya fi na kwano sanyi, wannan kuwa alheri ne ga batir, amma rufinsa yana riƙe gas idan babu taga a sama. Kada a haɗa tsohon batir da sabo, kada a caja litiyam da cajar dalma. Kada a ƙara wa batirin dalma ruwan rijiya ko na burtsatse, sai tataccen ruwan da aka yi dominsa. Kada a caja waya a ƙarƙashin matashi ko a kan kwano cikin rana, domin yawancin masu ƙira sun iyakance cajin litiyam ga zafin digiri 45.

Idan an ji wari ko tsuwa amma babu hayaƙi, sai a yanke caji daga makunnin da ke nesa da batir. Kada a cire waya daga kan batir a wannan hali, saboda cirewar tana ba da tartsatsi. A buɗe ƙofa da tagogi, a hana ashana da taba da aci-balbal, a fitar da yara. Batirin waya da ya kumbura kada a huda shi ko a danne shi don ya koma daidai. A kashe wayar, a ajiye ta waje a kan yashi ko siminti. Idan kuwa farin hazo ya riga ya cika rufaffen ɗaki, kada a buɗe ƙofa, a nisanta, a tsaya ta inda iska ke busowa, a nemi hukumar kashe gobara. Batirin litiyam da aka kashe wutarsa yana iya sake kamawa bayan sa'o'i, don haka ba a mayar da shi ɗaki. Wanda asid ya fantsama masa a ido a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a garzaya da shi asibiti.

Mataccen batirin dalma kuma ba abin fasawa ba ne a tsakar gida. Gubar dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara. A shekarar 2010 dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara.

7.8 Sha'anin Kalmomi

Idan aka lura, an bi hanyoyi uku wajen samar da kalmomin wannan darasi. Akwai aro, kamar batir da gas da bawul da caji. Akwai faɗaɗa ma'ana, kamar ɗaki da kai da tafasa da kumburi. Akwai kuma ƙirƙira, kamar ƙwacewar zafi da na'urar shinshina gas.

Wajibi ne malami ya kula da kalmomi uku masu harshen damo. Ta farko ita ce "wuta", wadda ke nufin lantarki, tana kuma nufin harshen wuta. Idan aka ce wa yaro "kashe wutar" a lokacin haɗari, yana iya rugawa ga makunni ko ga bokitin ruwa. Gara a ce "yanke caji" ko "kashe gobarar". Ta biyu ita ce "ruwan batir", wadda wasu ke nufin asid da ita, wasu kuma tataccen ruwa. Wanda ya ƙara asid inda ruwa ake bukata ya lalata batirinsa. Ta uku ita ce "iska". Idan aka kira haidirojin iska kawai, mai sauraro zai ɗauka abu ne marar lahani. Don haka a wannan darasi aka keɓe "iska" ga wadda muke shaƙa, aka bar "gas" ga wanda batir yake fitarwa.

7.9 Dabarun Koyarwa

Malami zai iya farawa da tambayar ɗalibai inda ake ajiye batura a gidajensu, ya rubuta amsoshin a allo. Daga nan sai gwaji. A zuba garin kanwa a cikin balan-balan, a zuba ruwan lemon tsami a kwalba, a ɗaura bakin balan-balan a bakin kwalbar, sannan a ɗaga shi kanwar ta zuba. Ɗalibai za su ga kumfa, su ga balan-balan yana kumbura. Gas ɗin da ya fito ba mai kamawa ba ne, amma ya isa ya nuna yadda sinadarai suke haifar da matsi a rufaffen wuri. Ko kusa kada a yi gwaji da batir na gaske. Bayan haka ana iya kai ziyara shagon mai gyaran batir, ɗalibai su tattaro kalmomin da yake amfani da su, su kwatanta da na wannan darasi.

7.10 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa batirin dalma yana fitar da haidirojin idan caji ya wuce ƙa'ida, na litiyam kuma yana fitar da gas gauraye kafin zafi ya ƙwace. An ga cewa kumburi da wari da tsuwa sukan riga hayaƙi bayyana, kuma zafin bazara na ƙasar Kano yana gaggauta duk waɗannan. A ƙauyuka da yawa, malamin makaranta shi ne wanda ake kai wa takardar da ta zo da kaya don ya fassara. Saboda haka ana bukatar ya san wannan ilimi, ya kuma iya faɗinsa da Hausar da ba za a yi mata fahimta biyu ba.

7.11 Auna Fahimta

1. Yi bayanin yadda haidirojin yake samuwa a batirin dalma.
2. Mene ne ƙwacewar zafi? Kawo matakanta bi da bi.
3. Me ya sa gano gas yake riga auna zafi da gano hayaƙi ba da gargaɗi?
4. Wani masallaci yana da batura biyu masu bolt 12, ana tura musu rarar amfiya 4. Lita nawa na haidirojin za su fitar cikin sa'a uku?
5. Wane darasi za a koya daga abin da ya auku a Arizona a shekarar 2019?
6. Kawo jimloli biyu da kalmar "wuta" take da harshen damo a cikinsu, sannan ka gyara su.

7.12 Jinga

Rubuta sanarwa wadda ba ta wuce kalmomi 150 ba, da za a karanta wa masu shagunan cajin waya a ranar kasuwa, a kan alamomi huɗu na batirin da ya fara lalacewa da abin da ya kamata su yi idan sun ga kowace.